Mu huɗu ne, ofishin haɗaka muke nema amma aljihu ba nauyi

TAMBAYA: Salam Yaya, barka da ƙoƙari. Mu huɗu ne muka buɗe ɗan kamfanin manhaja, tun farko a falon ɗayanmu muke aiki to yanzu mun fara takura wa mutanen gidan, ga kwastomomi sun fara tambayar ina ofishinku yake. Haya a tsakiyar birni kuwa ba a magana, aka ce mu gwada irin ofis ɗin nan da kamfanoni ke haɗuwa su raba wuri, amma duk inda muka leƙa farashin ne ke koro mu. Dan Allah ya za mu yi? Ƙaninka ne, mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanina, Allah ya sa albarka a kamfanin. Ina kyautata zaton ɗaki mai ƙofa kuka je kuna tambaya, shi ya sa aka koro ku, don shi ne mafi tsada a wurin. A ƙasa da shi akwai tebur naka na kanka da ba mai zama sai kai, sannan akwai kujerar wanda ya riga zuwa, ka zo da kwamfutarka ka zauna inda ka samu, da yamma ka tattara ka tafi. To tsakani da Allah a cikinku huɗun nan su wa ke buƙatar zama kullum? In biyu ne ku kama kujera biyu ku riƙa karɓa-karɓa, sai dai ku tambaya ko katin shiga da sunan mutum ake yi ko da sunan kamfani, don wasu wuraren ba sa yarda a ba wani aro. In kuma damuwar kawai kwastoma ya ga adireshi ne, akwai masu ba da adireshi da karɓar wasiƙa, ɗakin mitin kuma ku biya na awa ranar da baƙo zai zo, kamfanonin hayar ofis irin su Regus sun daɗe suna wannan.

Farashin da ke jikin talla kuwa kar ya ruɗe ku, ka sa su rubuto maka jimillar abin da zai fita daga aljihunka a wata, da haraji da kuɗin ajiya da firintin da fakin da awa nawa na ɗakin mitin ke ciki, kuma ko ƙarfe shida ake kulle ƙofa, don na san masu rubuta manhaja da aikin dare. Kuma ka yi ciniki malam, teburin da ba kowa a kai asara ce gare su.

Kafin ku sa hannu ku sayi tikitin yini ɗaya, a tsakiyar mako da rana tsaka lokacin da wurin ya cika. Ka yi kiran bidiyo daga kujerar da za a ba ka ka ga ko intanet ɗin zai riƙe, ka duba soket nawa ne kusa da kai, ka saurara ko na gefenka mai tallan kaya ne da zai wuni yana ɗaga murya a waya, ka leƙa banɗaki ma. Ku kuma ɗan fita daga tsakiyar birnin zuwa unguwar da ke kan layin bas ko jirgin ƙasa. Wasu jami'o'i da cibiyoyin renon ƙananan kamfanoni na ba da wuri da rahusa, haka wani kamfanin na da tebura a zube yana neman wanda zai rage masa haya, amma nan sai kun ga amincewar mai ginin a rubuce.

Inda zan ja kunnenka sosai shi ne biyan shekara gaba ɗaya don an yi muku ragi. Masu irin wannan harka galibi su ma haya suke, su kama gini na shekaru masu yawa su riƙa yanka shi wata-wata, in kujeru suka zama wayam sai abin ya rufta. WeWork, wani babban kamfanin ofisoshin haɗaka da aka yi wa ƙimar dala biliyan 47 a 2019, a Nuwamban 2023 sai da ta je kotu a Amurka ta bayyana karayar arziki. Ku fara da wata-wata ko wata uku, ku karanta sharaɗin fita da kyau, notis na kwana nawa ne, yarjejeniyar tana sabunta kanta ne in kun yi shiru, kuma yaushe ake mayar da kuɗin ajiya.