Alhaji, ina takardun na'urorin?

Wani Alhaji daga Garwa ya aiko da tambaya. Ya ce ya tura sefa miliyan 12 ga ɗan ƙaninsa da ke Guangzhou, aka sayo masa na'urorin gwajin jini, ya sayar wa ƙananan asibitoci uku. Yanzu biyu sun dawo da kaya: ɗaya sakamakonta yana sauyawa da zarar an tayar da janareto, ɗaya kuma tana jan ma'aikaci idan ya taɓa jikinta. Yana so ya san ko ya ƙara jari ya sake oda mai araha don ya mayar da asararsa.

Alhaji, kada ka ƙara ko dala. Kuskurenka guda ne: ka ɗora wa yaro sayen kayan da bai san kansu ba, don kawai jininka ne, shi kuma ya ga tambarin CE a kwali, wato alamar cewa kaya sun cika ƙa'idojin Tarayyar Turai, ya biya kuɗi. Wannan tambari, a yawancin kayan lantarki, mai ƙera kayan ne da kansa yake liƙawa, kuma kowace maɗaba'a tana iya buga shi. Abin da ya kamata a nema shi ne takardar da kamfanin ya sa wa hannu cewa kayansa sun cika ƙa'ida, tare da rahoton gwaji mai ɗauke da lambar samfurin da ke jikin na'urar.

Matsalolinka biyu kowace da ƙa'idarta a cikin ƙa'idojin IEC, hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin kayan lantarki. Jan mutum yana ƙarƙashin IEC 61010-1, wadda ke duba rufin wayoyi da wutar da ke zurarewa zuwa jikin na'ura. Rikicewar sakamako kuwa tana ƙarƙashin IEC 61326-1, wadda ke gwada ko na'ura za ta jure hawa da saukar wuta da kutsen wasu injuna ba tare da ta yi ƙarya ba. Na fi jin tsoron ta biyun, domin na'urar da ta ja mutum an san ta lalace, amma wadda ta ba da sakamakon ƙarya sai likita ya rubuta magani a kansa.

Na taɓa zama da wani ɗan kasuwa a Marwa wanda surukinsa ya turo masa injunan da aka yi don wutar Amurka, mai bolt 120, alhali tamu 220 ce. A ranar farko biyu suka ƙone, kuma da aka nemi rasit sai aka tarar ko sunan kamfanin babu wanda ya rubuta.

Ka karɓo sauran na'urorin daga asibiti na uku tun kafin a shiga kotu. Ka sa ƙwararren mai gyara ya duba, domin wani lokaci laifin na ginin ne da ba a ja masa wayar ƙasa ba. Sannan ɗan naka ya koma wurin dillalin ya karɓo takardun nan biyu, kuma kafin wata oda ka tuntuɓi hukumar ANOR, mai kula da ingancin kaya a Kamaru, kan binciken kaya kafin lodi. Idan dillalin ya fara kame-kame, ka nemi kuɗinka a rubuce.