Kafin ka fara tallan shadda a Ingila, duba bizarka

Wani ɗalibi ya rubuto daga Ingila. Yana shekara ta biyu a digirin harkar kasuwanci, yana so ya karkata ga fannin kafa sana'a. Mahaifinsa, mai shagon atamfa a Kantin Kwari, ya ce kasuwa ba a aji ake koyonta ba, ya karanci akanta kawai. Shi kuma yana shirin fara sayar da shadda da turare ta WhatsApp don ya nuna wa Alhaji zai iya.

Ɗana, tsaya tukuna da maganar tallan nan. Bizar ɗalibi a Birtaniya ta ba mai karatun digiri damar aikin albashi na awa 20 a mako lokacin karatu, amma ta hana shi sana'ar kansa. Saro kaya kana sayarwa don riba sana'a ce, ko da a ɗakin kwananka kake ajiye su, ko da 'yan uwa Hausawa kaɗai ke saya. Haka in aka yi rajistar kamfani aka sa ka darakta, ko kana aiki a kamfanin da kake da kashi 10 cikin ɗari na hannun jarinsa ko fiye. In aka gano, biza na iya tafiya, kuɗin makarantar da Alhaji ya zuba su bi ruwa. Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa "ai shagon a Kano yake". Muddin kana zaune a Ingila kana gudanar da shi, kana cikin hatsari. Je ka ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku, su ba ka amsa a rubuce.

Ƙofa tana buɗewa bayan ka gama. Bizar da ake ba waɗanda suka kammala digiri ta yarda da sana'ar kai. Shekara 2 ce a yanzu, za ta koma wata 18 ga masu nema daga 1 ga Janairu 2027.

Batun Alhaji kuwa, yana da gaskiya fiye da yadda kake zato. Malamin jami'a ba zai koya maka gane dillalin da zai gudu da dila ba, ko wanda za a ba bashi har bayan Sallah. Amma akwai abin da aji ke bayarwa: raba riba da uwar kuɗi, lissafin kayan da suka kwanta wata shida a shago, sanin abin da tashin dala ke ci a jari. Shaguna da yawa ciniki na tafiya, aljihun maigida da na shago kuwa ɗaya ne, sai a wayi gari ba kuɗin saro kaya.

Don haka ɗauki fannin da kake so, amma ka cika shi da darussan akanta da na kuɗi, ka nemi shekarar koyon aiki a kamfani in kwas ɗinku na da ita, doka ta yarda da wannan. In ka zo hutu, zauna a shago, ka roƙi Alhaji ya ba ka littafin bashi ka tsara masa. Kada ka yi masa lacca a gaban yaran shago. In za ka yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, wato CAC, bari sai ka dawo gida ko bizarka ta canza.