Ido Ba Mudu Ba Ne: Amsoshin Tambayoyin Masu Karatu

Wani ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau ya tambaya ko karin maganar nan da ke cewa "ido ba mudu ba ne, amma ya san kima" tana nufin gogaggen mai saye zai iya gane waken da aka zuba wa fiya-fiya da kallo kawai.

Malam, ba ta nufin haka. Kima ƙiyasi ce ta yawan abin da ake gani, kuma karin maganar da kanta ta fara da cire ido daga sahun ma'auni, sai dai masu gaggawa sun fi riƙe rabinta na biyu saboda shi ne ya fi yi musu daɗi. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari na DDVP, sinadarin da ake samu a fiya-fiya, wanda iyakarsa a wajensu ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo, adadin da babu idon da zai kai gare shi. A ɗakin gwaje-gwaje niƙe samfurin waken ake yi, a jiƙa shi a ruwan sinadarin da ke tsamo maganin, a mayar da abin da aka tsamo tururi ya bi ta cikin wani dogon siririn bututu, inda kowane sinadari ke fitowa a nasa lokacin, sannan wata na'ura ta farfasa shi ta auna nauyin gutsattsarinsa don a tabbatar da ko wane ne. Ga inda nake da ƙorafi da wasu masu karanta labarai a rediyo, waɗanda komai a bakinsu "an tantance" ne. Gwaji shi ke nuna akwai ko babu, awo shi ke faɗin nawa ne, tantancewa kuwa rarrabe wannan daga wancan ce, kuma wanda ya cakuɗa ukun ya hana mai sauraro sanin aikin da aka yi.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta nemi bambancin guba da dafi. Dafi na maciji ne da kunama da kibiya, guba kuwa ci ko sha ko shaƙa ake yi, saboda haka maganin feshi da ya gangara rijiya guba ne.

Wani ɗalibi ya tambaya ko "ruwa ba ya tsami banza" ta dace da gurɓatar kogin Chalawa da ke Kano. Ta dace a wajen neman sanadi, amma kada a ɗauka cewa duk ruwan da bai yi tsami ba lafiyayye ne.