Karatun kasuwanci ga mai tsaron shago

Ɗan'uwa, ka ce kana tsaron shago a babbar kasuwar Sakkwato, kana son ƙaro ilimin kasuwanci ba tare da barin aiki ba. Zai yiwu, ni ma haka na yi.

Fara zama da maigidanka ku daidaita lokaci kafin ka sayi fom. Nan da yawa ke tuntuɓe: jarrabawa ta zo ana tsakiyar cinikin Sallah, shago maƙil da mutane.

Jami'ar NOUN, wato jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, tana da cibiya a garin nan, yawancin karatun ta waya za ka yi shi bayan isha'i. In difloma kake so, je Kwalejin Umaru Ali Shinkafi da kanka, ka tambayi ofishin rajista ko hukumar NBTE, mai kula da kwalejojin fasaha, ta amince da kwas ɗin. Kada ka danƙa wa ɗan kamasho kuɗinka.