Ta yaya aka san ƙauyen Skara Brae ya girmi dalar Masar?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa akwai wani ƙauye a tsibiran arewacin Sikotland da ya girmi babbar dalar Masar. Mutanen ba su bar rubutu ba, ba su bar sunan sarki ba. To wa ya ƙirga musu shekarun? Ko dai shaci-faɗi ne irin na masu tallar yawon buɗe ido?

Amsa: Ƙauyen da kake nufi shi ne Skara Brae, a babban tsibirin Orkney. Kuma shakkar taka tana kan hanya, domin masanin da ya fi kowa shahara a aikin wurin ma ya yi kuskuren shekarunsa, kuskure ba ƙarami ba.

A hunturun 1850 wata guguwa ta kwashe yashin bakin teku, sai ga gidajen dutse sun bayyana. Orkney ba ta da itatuwa sosai, amma tana da dutsen da ke tsagewa fale-fale, shi ya sa mutanen suka yi komai da shi. Idan ka leƙa ɗaki ɗaya daga sama, za ka ga murhu a tsakiya, gadon dutse a dama da hagu, sannan kantar jera kaya tana fuskantar ƙofa, yadda duk wanda ya sunkuyo ya shigo ita zai fara gani. Har magudanar ruwa suka yi a ƙarƙashin gidajen.

Gordon Childe, ɗan asalin Ostareliya, ya haƙa wurin a ƙarshen shekarun 1920. Da ido da kwatance ya yi aiki, sai ya ɗauka ƙauyen na wajajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa ne, alaihis salam. Ya yi ragin fiye da shekara 2,000. Ba sakaci ba ne, a lokacin babu ma'aunin da zai gwada da shi.

Ma'aunin ya zo ne a ƙarshen shekarun 1940, lokacin da Willard Libby a Amurka ya fito da gwajin kabon-14. Duk abu mai rai yana shan wannan sinadari muddin yana raye. Da ya mutu, shan ya tsaya, abin da ke jikinsa kuma ya riƙa raguwa, rabi a kowace shekara 5,730. Auna abin da ya saura, ka san yaushe ya mutu. Da wannan gwajin ne aka gano kwalekwalen Dufuna na jihar Yobe ya kai shekara 8,000.

Lura da kyau: dutse ba ya gwaduwa ta wannan hanya, tunda bai taɓa rai ba. Abin da ya ba da amsa a Skara Brae juji ne. Mutanen sun gina gidajensu a cikin tarin shararsu, toka da ƙasusuwan shanu da tumaki da ɓawon dodon koɗin teku, domin ta tare musu iska da sanyi. Haƙar da David Clarke ya yi a 1972 zuwa 1973 ta ɗebo samfura daga wannan juji, hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama. Sakamakon ya nuna an zauna a wurin daga wajajen 3100 zuwa 2500 kafin haihuwar Annabi Isa.

Gwajin yana da tarkonsa, kuma a tsibiri tarkon ya fi yawa. Abin da ya rayu a teku yakan nuna ya tsufa da kusan shekara 400 fiye da gaskiya, saboda kabon ɗin ruwan teku tsoho ne. Itace ma ba abin amincewa ba ne a nan, don galibi ruwa ne ya kawo shi daga nesa, wataƙila ya daɗe da mutuwa kafin a hura wuta da shi. Shi ya sa na fi yarda da ƙashin saniya ko ƙwayar sha'ir da ta ƙone, abin da bai daɗe a duniya ba. Bayan haka kuma sai an daidaita lissafin da zoben shekarun da ke jikin tsofaffin itatuwa kafin a faɗi shekara.

Batun dala kuwa, an gina babbar dalar Giza a wajajen 2560 kafin haihuwar Annabi Isa. Ke nan an fara zama a Skara Brae kusan shekara 500 kafin ta, kuma lokacin da ake ɗora duwatsunta ƙauyen ya kusa zama kufai. Maganar gaskiya ce, sai dai akwai gishirin 'yan talla a ciki: gini ɗaya aka zaɓa a Masar aka yi kwatance da shi, alhali manoma sun daɗe da kafa ƙauyuka a bakin kogin Nilu kafin Skara Brae. A Orkney ɗin ma ba shi ne mafi tsufa ba. Gidajen Knap of Howar da ke tsibirin Papa Westray sun girme shi da ɗaruruwan shekaru, kuma bangonsu na nan tsaye.