Amsa ga mai neman motar iyali: ka gwada ta da kaya, da tsakar rana

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka har sau biyu kuma na kasa wucewa, domin halin da kake ciki shi ne wanda na shiga a 2019. Ka ce ku takwas ne a gida, da kai da mai ɗakinka da Hajiya mahaifiyarka da yara biyar, kana neman mota ta hannu mai wadatar fili wadda kuɗinta bai fi ƙarfinka ba, wadda za ta kwashe ku da tabarmi da katifu da tukwane idan za ku je ƙauye ko bakin ruwa ku kwana biyu a waje, kuma hankalinka ya rabu tsakanin Sienna da Sharan da Odyssey. Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Saboda ita ne ma na zauna rubuta wannan, domin tawa mahaifiyar ce ta fi kowa shan wahalar kuskuren da na yi.

Ni ma fili na bi. Ranar da dillali ya ja mini ƙofar motar na ga layin kujeru uku, na ga inda buhun shinkafa da jarkoki za su zauna, sai na daina jin duk abin da ya kamata in tambaya. Ba zan faɗi sunan motar ba, domin laifin ba nata ba ne, na wanda ya sayar mini ne. Mutumin nan ba baƙo ba ne. Sahu ɗaya muke tsayawa a masallacin unguwa, ya halarci sunan 'yata, shi ya sa da ya ce mini wani alhaji ne ya ajiye ta don zuwa Juma'a kawai, ban ga dalilin kiran bakanike ba. Ya kawo ta bayan la'asar sakaliya, injin ya riga ya yi ɗumi, an wanke ta tas har cikin bonet. Muka zagaya cikin garin Sakkwato daga Gawon Nama zuwa wajen Arkilla muka dawo, mu biyu kawai a ciki, ban fi minti goma sha biyar ina tuƙi ba. A daren nan na ba da kafin alƙalami, washegari na cika kuɗi, har da la'adarsa da ɗan ihsani a kai.

Duk lokacin sanyi ba ta nuna mini komai ba, sai dai ruwan lagireto da nake ƙarawa kowane mako, ina cewa ai haka tsohuwar mota take. A watan Maris na 2020, shekarar da aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu bayan an yi shekaru ba a yi ba, na yi wa yara alkawarin za su ga kogin Matan Fada da idonsu, mu kwana a can. Daga Sakkwato tafiyar kilomita 100 ce ko kusa da haka. Muka loda katifu biyu a saman mota, da gidajen sauro, da kulolin abinci, da jarkar ruwan sha mai lita 25 guda biyu, muka yi lattin tashi har rana ta take. Mun wuce Bodinga ba da nisa ba na ji motar ta yi nauyi, na taka totur ba ta amsa ba, sai wani ƙauri mai ɗan zaƙi-zaƙi ya cika ciki. Na dubi allurar zafi, tana nan a tsakiya, ba ta motsa ba. Kafin in gangara gefen hanya tururi ya turnuƙe gilashin gaba.

Awa huɗu muka yi a wurin nan. Babu inuwa sai ta wata aduwa guda wadda ganyenta ya zube, a nan na shimfiɗa wa tawa Hajiyar tabarma, mai fama da hawan jini, ta zauna ta rufe kanta da mayafi tana jan carbi, ba ta ce mini uffan ba. Wallahi da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Cikin ruɗewa na juye ruwan shanmu a lagireto, jarka ɗaya da rabi, yana shiga yana tafasa yana dawowa, har na ankara cewa abin da ya rage bai isa yara ba. Ƙaramar 'yata, wadda a lokacin ba ta cika shekara uku ba, ta yi kuka har muryarta ta dishe, leɓenta ya bushe ya yi fari, uwarta na jiƙa bakin zane tana goga mata a goshi. Wani dattijo mai amalanken jaki ne ya koma ƙauyensu ya ɗebo mana ruwa a tulu, ya ƙi karɓar ko sisi. Har yau ina yi masa addu'a ban san sunansa ba. Daga ƙarshe na sa iyali a motar haya suka koma gida, ni kuma na zauna har wata a-kori-kura ta ja ni da igiya muka shigo gari bayan isha'i.

Da bakanike ya buɗe injin, sai ya kira ni ya nuna mini murfin bakin mai, cikinsa ya yi kamar shayi da madara. Gaskit na sama ya daɗe da ƙonewa, an zuba maganin toshe yoyo a lagireto don ya ɓoye, an cire abin da ke daidaita zafin ruwa, an haɗa fanka kai tsaye, sannan an taɓa wayar allurar yadda ba za ta wuce tsakiya ba ko da injin zai narke. Wannan ba tsautsayi ba ne, aiki ne da wani ya zauna ya yi da hannunsa. Na je wurin dillalin da murfin nan a hannuna. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce, “Alhaji, mota ta hannu ai sai addu'a, kuma ciniki ya riga ya faɗa.” Ya san ina da tsohuwa a gida, ya san yarana ɗaya bayan ɗaya. Dattawan unguwa sun shiga maganar, aka ba ni haƙuri, na haƙura domin babu takarda ko shaida a tsakaninmu. Na yafe kuɗin, amma har yanzu idan ya miƙo mini hannu bayan sallah sai na tuna leɓen yarinyar nan.

To, Malam, kada ka sayi mota da yamma, kuma kada ka gwada ta kai kaɗai. Ka je da sassafe ka tashe ta da kanka tun injin yana da sanyi, kai da bakanikenka wanda ba ya cin komai a wurin mai sayarwa, ku buɗe murfin lagireto kafin ta yi zafi ku duba ko ruwan yana tsartuwa da kumfa. Sannan ka dawo da ƙarfe biyu na rana, ka cika ta da manya shida ko bakwai, ka kunna na'urar sanyi gaba da baya, ka kama hanyar Dange ko ta Kware ka yi tafiya mai nisa ka dawo, ka bar ta a tsaye tana aiki na minti ashirin. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, wannan ne kawai gwajin da na yarda da shi. Wanda ya hana ka yin haka ya riga ya ba ka amsa.

Wadda nake da ita yanzu Sienna ce ta 2008, kuma cikin ukun da ka ambata ita zan nuna maka, musamman da yake ku takwas ne. Samfurin 2004 zuwa 2010 akwai mai kujera bakwai akwai mai takwas, sai ka leƙa layin tsakiya ka ƙirga da kanka, kada ka yarda a ce maka ƙaramin yaro a cinya zai zauna. Abin da ya fi amfanata shi ne ramin da ke bayan layin ƙarshe, mai zurfi ne, jarkoki da kuloli suna tsayawa a ciki ba sa kifewa, idan kuma ba ku cika ba kujerun suna ninkewa su shige ramin, bayan ya zama shimfiɗa. Ta 2004 zuwa 2006 injinta mai lita 3.3 ne, mai bel ɗin taimin, kuma tunda ba ka san ranar da aka canza bel ɗin ba, ka canza shi da famfon ruwa tun a makon farko. Daga 2007 injin 3.5 ne mai sarƙa, an huta da wannan. Ka guji wadda aka rubuta AWD a bayanta, wato mai ja da duka tayoyi huɗu, domin ba ta zuwa da safaya, babu ma wurin da aka tanadar mata, kuma mutumin da zai kwana a daji da iyali ba ya tafiya babu safaya. Ƙofofin gefe masu buɗewa da lantarki wayarsu na tsinkewa, ƙurar hunturu kuma ba ta raga musu, saboda haka mai buɗewa da hannu ta fi mini kwanciyar hankali. Ƙasanta ba shi da tsayi sosai, idan an yi lodi tana zama, a kan yashi ko hanyar fadama da damina sai an bi da ita a hankali.

Maganar mai kuwa ba zan ɓoye maka ba. Tankinta kusan lita 80 yake ci, kuma tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023 ban ƙara cika shi ba tare da na yi lissafi ba. Da cikakken lodi da sanyi a kunne, ni dai ina ƙona lita 12 zuwa 13 a kilomita 100. Shi ya sa na ajiye ta don tafiye-tafiye da kai yara makaranta, zuwa aiki kuwa babur nake hawa.

Sharan ta fi araha, kayan gyaranta kuma ko'ina akwai tunda ita ce ke haya a hanyoyinmu, amma wannan ne kuma aibinta: mafi yawan waɗanda za a kawo maka sun riga sun sha Sakkwato zuwa Kano har sun gaji, an yi musu fenti ne kawai. Kujerarta bakwai ce, kuma idan duka suna ciki wurin kaya kaɗan ne ya rage. Odyssey tana da daɗin zama, sai dai samfurin 1999 zuwa 2004 an san shi da matsalar giya, gyaran giyar otomatik kuwa yana iya cinye duk rangwamen da ka samu.

Na koma kan takardu, domin nan ma mutane na kuka. A watan Janairu na 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, kuma mu da muke kusa da Illela mun san irin motocin da ake tallatawa da arha mai ban mamaki. Ka ɗauki takardun fito ka kai ofishin kwastan a tabbatar maka kafin ka biya, ka kwatanta lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba da wadda ke jikin ƙofar direba da ta cikin takarda. Ka ɗaga dardumar ƙasa ka shinshina, ka dubi ƙarafan da kujeru ke gudu a kai, domin wasu motocin Amurka ambaliya ce ta ci su aka wanke aka turo mana. Kuma ko ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya ya sayar maka, a rubuta yarjejeniya da shaidu biyu. Ni rashin wannan ne ya ɗaure mini hannu.

Kada ka zuba duk abin da ka tara a kuɗin saye. Ka rage kamar kashi ɗaya cikin biyar don taya da batir da wanke lagireto da shokazoba na baya. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, kuma tayar da ta haura shekara shida ba ta da amana a kan kwaltarmu ta bazara ko da zanenta yana nan. Idan kun sauka wurin kwana, kada a bar yara su yi barci a cikin mota da inji a kunne don sanyi, hayaƙin salansa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Galan ɗin fetur da tukunyar gas ba a rufe su a mota cikin rana. Ruwan mota daban, ruwan sha daban, wannan ban ƙara haɗa su ba. Hanya kuwa ka san halin da wasu yankunanmu suke ciki, musamman gabas, ka tambayi direbobin tasha kafin ka tashi, ka isa inda za ka tun da sauran rana.

Abu ɗaya da ban yi ba a karon farko na yi shi a na biyu: kafin in biya, na kawo motar ƙofar gida na ce Hajiya ta gwada shiga da fita da kanta. Ta dafa ƙofa, ta ɗaga ƙafa a hankali, ta zauna, ta miƙe gwiwarta, sannan ta tambaye ni ko wannan ma tana tafasa. Na ce mata mun kai ta Illela mun dawo da tsakar rana da mutum bakwai a ciki. Ka yi wa taka Hajiyar haka. Idan ka samu wadda ta kwanta maka a rai, ka sanar da ni, ranar Asabar ba na zuwa aiki, zan zo da bakanikena mu cika ta mu kama hanya da ƙarfe biyu.