Eko a ƙirjin yaro: yana gano ciwon haƙarƙari kuwa?

Tambaya: Likita, ɗana ɗan shekara 2 ya kwana uku da tari da masassara, numfashinsa sama-sama. Mun kai shi asibiti a nan Maradi, aka yi masa eko a ƙirji, aka ce limoniya ce, wato ciwon haƙarƙari. Ni na san eko na masu juna biyu ne. Ko in nemi a yi masa radiyo, wato hoton X-ray?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, Malama. Ki kwantar da hankalinki, ba a yi kuskure ba. Na'urar ɗaya ce da ta awon ciki. Sauti take aikawa cikin jiki, wanda kunne ba ya ji, ta zana hoto da abin da ya dawo mata.

Lafiyayyen huhu cike yake da iska, iska kuwa ba ta barin sautin ya ratsa, don haka layuka kwance kawai muke gani a allo. Idan limoniya ta kama wani sashe, ruwa da mugunya su maye gurbin iskar, sai wurin ya fito da duhu-duhu kamar hanta, da fararen ɗige-ɗige inda sauran iska ta maƙale a ƙananan hanyoyin numfashi. Ruwan da ya taru tsakanin huhu da haƙarƙari ma, eko ya fi radiyo saurin nuna shi. Yara sun fi manya sauƙin dubawa saboda ƙirjinsu ba kauri. Yaro na kan cinyar uwarsa ake yi, babu hasken radiyo da zai shiga jikinsa, ana kuma iya maimaitawa gobe a ga ko magani na ci.

A nan yankinmu amfaninsa babba ne. Zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini su ma suna sa yaro haki, balle mai tamowa, to duban huhun kan taimaka a bambance.

Amma fa yana da iyaka. Ciwon da ke can tsakiyar huhu, bai taɓo gefe ba, yana iya ɓuya. Aikin kuma sai hannun da ya ƙware, ya bi gaba da baya da gefe biyu. Shi ya sa idan yaro bai samu sauƙi ba, ko ana zargin tarin fuka, likita zai tura radiyo. Idan bai tura ba, ba sai kin matsa ba.

Abin da na fi so ki riƙe bai buƙatar na'ura. Yaro na kwance shiru, ɗaga rigarsa ki ƙirga numfashinsa na minti guda. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ya yi sauri. Limoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 740,000 a duniya a 2019, alhali maganin amoxicillin kan warkar da irin wadda bakteriya ke kawowa. Ki ba shi maganin har ya ƙare ko da ya fara wasa. Idan ƙasan ƙirjinsa na faɗawa ciki in ya ja numfashi, ko ya ƙi sha, ko ya galabaita, ki mayar da shi asibiti ko da tsakar dare ne.